Rawayar da Ƙanina Ya Tone

Ƙanina ne ya sa aka tone mini rawaya. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, gonar ma ta gado ce a Sérou, sai dai shi yana Zongon Parakou yana sayar da kayan moto, wato babur, ni nake cikinta rani da damina.

Shekara tara ina dasa ta. In an ƙone daji sai in bi toka ina duba ƙasa. Furenta ba ya jiran ganye, haka yake tsirowa a kan ƙasar da ta ƙone, kunne biyar, launin ɗorawa. In ka kankare saiwar da farce yatsanka zai rine. Sai in yanko saiwa mai ido in binne gefen itatuwan yazawa, da mu nan muke ce wa akaju. Wata ta ruɓe, wata ta kama. Don ƙudan zuma nake yi. Lokacin da daji ya zama baƙi, a kanta suke sauka, daga nan su hau furen akaju. Amya shida gare ni, kuma akajun nan shi ke ci da gidana.

Da daminar da ta wuce na kwanta asibiti a Djougou sati uku. Ƙanin nawa kuwa wai zai yi mini alheri, zai shuka waken suya. Rawaya da damina ganye ce kawai. Shi garinta ya sani, wanda innarmu ke zubawa a miya. Ya ga ciyawa, ya kawo tarakta, ya bi da feshin maganin ciyawa.

Da rani ya shigo na fara jin tsoro. Akaju ya yi fure, gona shiru. Da can tun daga bakin hanya kake jin gunjin ƙudan zuma. Na ɗora kunne a amyar farko, ba komai. Ta biyu, tururuwa. Na zauna a ƙasa. Na daina cin abinci sosai. Kullum da safe in ɗaga kai in ga fure yana bushewa a reshe bai ɗaura ɗa ba, in tuna bakin da ke jirana a gida. Shekarata hamsin da wani abu, wace sana'a zan koya yanzu?

Amya biyu suka rage. A gindin wani suri, inda tarakta ba ta iya hawa ba, na sami furen rawaya uku. Na kewaye su da ƙaya.

Sai na ji wai bana ƙanina zai sa a baje surin. Na hau mota har Parakou, na same shi a shago.

Ya ce, "Yaya, to, a kan ciyawa ka yi wannan tafiyar?"

Na ce, "Ka yanki rabonka daga bakin hanya, ka shuka abin da ka ga dama. Amma ranar da tarakta ta nufi surin nan, ni za ta tarar kwance a gabansa. Ka gaya wa direban tun yanzu."