Goggon Rumbu, Mai Tsaron Masarar Gugguru

Kafin injinan gonar su tashi, Goggon Rumbu, kamar yadda ma'aikata ke kiranta, ta riga ta buɗe sito. Takan bi buhunan masarar gugguru ɗaya bayan ɗaya, ta zura hannu har gwiwa, ta shinshina, ta ciji ƙwaya guda. Sannan ta ɗora 'yar tukunyarta ta gwada tafi ɗaya. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aiki, kuma ƙarshen kakar bana za ta huta.

A watan jiya wani malamin gona da tafiya ta kawo daga wata ƙasa ya biya ta gonar. Aka zaga da shi, ya ga injin sussuka, da na busarwa, da ɗakin da ake ƙulla gugguru a leda. Da suka iso sito ya tambayi Goggo me haƙori zai gaya mata wanda na'ura ba ta faɗa ba.

"Ɗana, na'ura laima kawai take aunawa," in ji ta. "Ba ta da hanci, ba ta kuma da jikoki."

Direban gonar ne ya ba baƙon labarin shekarar da rufin sito ya yi yoyo. Mota na tsaye tana jiran kaya, Goggo ta ji warin fumfuna a buhu arba'in. Mai gonar ya ce a gauraya da mai kyau, ba wanda zai gane. Duk da cewa mijinta na kwance ba lafiya kuma ita ke riƙe da gidan, ta miƙa masa makulli.

"Ranka ya daɗe, sitonka ne, ka buɗe da kanka. 'Yan makaranta ne za su ci wannan. Hannuna ba zai taɓa ba."

Ya karɓa ya sallame ta. Amma motar ta koma ba kaya, shi kuma ya aika masarar gwaji a ɓoye. Mako uku Goggo na gida. Da sakamako ya nuna guba, sai ga shi a ƙofarta. Bai iya ba ta haƙuri da baki ba. Ya duba mijinta, ya tambaya ko za ta fito gobe.

Goggo, ke ce kika tsaya a ranar da shiru ya fi sauƙi. Yaran da kika kare sun girma, wasu ma sun yi aure, ba ɗaya da ya san sunanki, ke ma ba ki taɓa neman su sani ba.

Mun gode, uwar amana. Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Duk wanda abincin mutane ke bi ta hannunsa, a gona ne ko a shago, ya riƙa tunawa akwai bakin da ke jira a can, kuma mai bakin ya yarda da shi ba tare da ya taɓa ganinsa ba.