Kalmar da Malam Shu'aibu Ya Riƙe a Baki

Malam Shu'aibu Lawal ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da motsa jiki, goma sha uku na ƙarshe a wata sakandaren 'yan mata da ke hanyar Gabukka. A Kagarawal aka haife shi, a gidan da mahaifinsa, wani Bakatsine mai saye da sayar da auduga, ya gina tun unguwar tana gonaki. Mutum ne dogo, mai taƙaita magana, wanda bai taɓa shiga fili ba tare da ya rubuta abin da zai koyar ba, ko da kuwa tsalle-tsalle ne. A shekarunsa na ƙarshe gwiwarsa ta dama ta soma ba shi wahala, har ta kai sai ya dafa bango idan zai miƙe daga sallah.

Wasan takobi irin na Turawa bai shigo rayuwarsa da shiri ba. Wata shekara aka nemi malami ɗaya ya je kwas na mako uku a Legas, wanda aka zaɓa ya kwanta rashin lafiya, aka sa sunan Malam Shu'aibu don kada gurbin ya tafi a banza. Ya dawo da takubba biyu sirara masu dunƙulen kai, da hulunan raga biyu, da riga mai kauri guda ɗaya, da kuma wata ƙauna da shi kansa bai yi zaton shekarunsa za su ɗauka ba. Abokan aikinsa sun yi ta tsokanarsa da Sarkin Yaƙi har suka gaji. Shi dai kowace Litinin da Alhamis bayan la'asar yana cikin zauren taro, yana shata layi da alli a kan siminti.

Ƙa'idar wasan ba ta da yawa. Ba sara ake yi ba, suka ake yi da kan takobin, kuma gangar jiki kaɗai ake ƙirgawa. Mai suka yana iya nufo sama da hannun abokin karawarsa, wato ƙirji, ko ya nufo ƙasa da hannun, wato daga cibiya zuwa gindin ciki. Kariyar sama kowace yarinya takan kama ta cikin mako biyu. Ta ƙasa ce ke da wuya: hannu yana nan inda yake, gwiwar hannu ba ta motsi, wuyan hannu ne kaɗai zai juya, kan takobin ya zana rabin da'ira ya sauko daidai gwiwar abokin karawa, kaurin ƙarfen ya ture sukar gefe, sannan a rama nan take.

A Legas, mai koyarwar yakan kama wuyan hannun mutum ya juya masa shi har jiki ya haddace. Malam Shu'aibu ba shi da wannan damar. Ɗalibansa 'yan mata ne da suka girma, kuma ba a taɓa jin ya taɓa ko yatsan ɗaya daga cikinsu ba. Magana ce kaɗai makaminsa, don haka ya zauna ya fassara kowane motsi zuwa Hausa. Da ya zo kan wannan sashe na jiki ya san sunansa sarai, kamar yadda kowane Bahaushe ya sani: mara. Amma dattijo ya tsaya gaban 'yan mata ashirin yana ambaton mara, wannan bakinsa ya ƙi ɗauka. Sai ya ce ƙasa. Kare ƙasa.

Su kuwa suka ji abin da kalmar ta gaya musu. Da zarar ya ce a kare ƙasa, sai yarinya ta sauke hannu gaba ɗaya, kan takobi ya daki siminti, ido ya bi shi, jiki ya buɗe kamar ƙofar zaure. Sau uku ya kai ɗalibai gasa, sau uku aka fitar da su a zagayen farko da suka iri ɗaya. Ya ɗora laifin a kan ƙarancin lokaci, da tsoro, da santsin daɓen, ya kuma gaskata kansa.

Da zangon ƙarshe na aikinsa ya kama, shugabar makarantar, Madam Edna, ta kira shi ofis. Ta ce ita ba ta ƙin wasan, amma ba za ta bar ƙarfe a hannun yara ba sai da malami mai takardar shaida. Idan ya tafi ba a samu ba, za ta sa a kulle kayan a sito, a mayar da lokacin na share fili. Mutum ɗaya ce ta yarda ta gwada, Malama Suwaibatu, mai koyar da lissafi, matar aure mai 'ya'ya biyu, wadda ta yi shekara biyu tana tsayawa bayan tashi tana koyo. A watan Mayu mai jarrabawa ta zo daga Abuja, ta kayar da ita a kariyar ƙasa, ta ce za ta dawo sau ɗaya tak, a Alhamis ta ƙarshe ta Yuli.

Ran Litinin ɗin makon, ruwa yana dukan kwanon zauren har sai an ɗaga murya, shi da Malama Suwaibatu suka yi motsin sau arba'in. Shi yake sanye da rigar mai kauri, yana kai sukar a hankali saboda gwiwa. Duk lokacin da ya ce ƙasa, sai ya ji ƙarar ƙarfe a kan siminti, sannan kan takobinsa ya isa inda bai kamata ya isa ba. A ƙarshe ta cire hular ragar, ta gyara ɗankwalinta da gumi ya jiƙa.

"Baba Malam, ni fa lissafi nake koyarwa. Ka ce ƙasa, na je ƙasa. Ka ce ba nan ba. To ƙasa nawa ce?"

Ya ce mata ƙasan da ke sama da ƙasa yake nufi. Ta dube shi, ya ji da kunnensa abin da ya faɗa. Ta ce cikin ladabi ita ma ta gaji, maigidanta ya fara tambaya ko yaƙi za a tura ta, kuma idan ta sake faɗuwa ba za ta ƙara ba. Bai ga laifinta ba. Ya naɗe takubban cikin tsohon buhu, ya hau acaɓa ƙafarsa ta dama a miƙe.

Ya isa gida gab da magariba, ya zauna a kan turmi a bakin madafi domin ƙafar ta ƙi kai shi ɗaki. Matarsa Delu tana kwashe tuwo. Ba kallonta yake yi ba, kallon gajiyarsa yake yi, har idonsa ya tsaya a kan hannunta. Kafaɗarta ba ta motsi. Gwiwar hannunta tana manne da haƙarƙari. Wuyan hannun ne yake juyawa, guntun ƙwaryar da ke hannunta ya nutse cikin tukunya, ya zagayo rabin da'ira, ya ɗago da malmala. Ya ce ta sake. Ta ce ai sakewar take yi tun kafin a haifi ɗansu na fari, yau ce dai aka lura. Ya tambaye ta sunan abin da ke hannunta, duk da ya sani.

"Malam, yunwa ce ta taɓa maka kai? Mara ce mana."

Ya daɗe zaune bayan ta shige da kwanukan. A rubuce kalmomin biyu ɗaya suke, a baki karin sauti ne kawai ya raba su, kuma wannan ta madafi kowane dattijo yana iya faɗinta a gaban kowa. Bai ji farin ciki ba. Abin da ya ji shi ne nauyin fuskokin 'yan matan da suka dawo daga gasa suna ba shi haƙuri, alhali shi ya kamata ya ba su.

Ran Talata ba ranar wasa ba ce, amma ya roƙi Malama Suwaibatu rabin sa'a. Ya ce ta manta da ƙasa gaba ɗaya. Ya tambaye ta ko tana kwashe tuwo, ta ce Baba Malam ya rage mata daraja da wannan tambaya. Ya ce to takobin nan mara ce, sukarsa kuma tuwo, ta kwashe ta zuwa gefe ba tare da ta ɗaga tukunyar ba. Ya kai sukar. Ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, nasa ya zame ta gefen cinyarta, kafin ya farga kan nata yana ƙirjinsa.

Ta tsaya tana duban hannunta. Sannan ta dubi wurin da sukar take nufa a jikinta, ya ga ta fahimci kalmar ta biyu da bai faɗa ba, da kuma dalilin da ya sa bai faɗa ba. Ta mayar da hular, ta ce a sake. Cikin goma ta tare bakwai.

Ran Alhamis mai jarrabawar ta zo a makare, tana sauri ta koma filin jirgi. Ta kai suka goma sha biyu a ƙasa da hannu, wasu da yaudara, ta nuna sama ta sauko. Malama Suwaibatu ta tare takwas, biyu daga ciki da ƙyar. Matar ta ce ramuwarta tana da jinkiri, ƙafarta ta baya tana jan ƙasa, amma ta sa hannu a takardar. Madam Edna ta karanta ta sau biyu, ta miƙa wa Malama Suwaibatu mabuɗin kabad ɗin zauren.

Saura sa'a ɗaya lokacin wasa ya ƙare, 'yan matan suna nan a jere jikin bango, sai sabuwar mai koyarwar ta ce su miƙe. Malam Shu'aibu ya fita ya zauna a kan benci a baranda, ya miƙe ƙafarsa. Daga nan yana jin komai ta taga. Ya ji ta ce kowa ta ɗora hannu a kan mararta, nan ne ake nufo, nan za a tsare. Dariya ta ɓarke, ta tsawatar, ta lafa. Ya ji tana bi ɗaya bayan ɗaya tana kama musu wuyan hannu, tana cewa haka, ba haka ba, haka. Ya kasa kunne yana jiran ƙarar ƙarfe a kan siminti. Sau biyu kawai ya ji ta, sannan bai ƙara ji ba.

Abin da ya gagare shi shekara goma sha uku ta gama shi kafin a kaɗa ƙararrawa. Wata ɗaliba ta leƙo ta ce, Sa, Malama ta ce ko zai shigo ya duba tsayuwarsu. Ya ce ta gaya mata tsayuwar ta yi. Ya zauna har zauren ya watse, yana murza gwiwarsa, yana jiran ƙafar ta yarda ta ɗauke shi zuwa bakin titi.