Ƙwan da Na Kira Baragurbi

Yau shekara guda da rasuwar kakata. A gidanmu na Yakasai, in kazarta ta yi mako tana kwanci, takan rufe ɗaki da hantsi, ta kara kowane ƙwai a hasken tsagar ƙyaure. Mai rai yakan nuna jajayen jijiyoyi kamar zare.

Wata rana ta miƙo mini guda da ɗuminsa. Ban ga komai ba.

Na ce, "Iya, baragurbi ne. In yar?"

Ta ce, "Maigida, bokonka bai kai nan ba. Na zabuwa ne, ɓawonsa da kauri. Mayar kafin ya huce."

Ya kuwa ƙyanƙyashe. Allah Ya dube ki da rahama, Iya.