Hula Ɗaya a Goron Dutse

Ranar Talata ce, ba a daɗe da soja suka koma bariki ba. Ƙarfe bakwai na safe na rufe shagon ɗinkina a Mandawari, muka kama hanyar Goron Dutse a ƙasa, mu huɗu, da tabarma da kurfoti da butar shayi. Niyyarmu mu kwana a sama.

Habibu ne ya kawo shawarar. Ɗan Shahuci ne, malamin firamare, tun muna makarantar allo muke tare. Shi ya hana mu sa manyan riguna, wai ba a hawan dutse da kaya kamar za a ɗaurin aure. Muka fito da gajerun wanduna da singileti. Shi kuwa har da kakinsa na bautar ƙasa da ƙaton takalmi. Mun yi ta yi masa tsiya.

Sha ɗaya muna sama, shayi yana wuta. Sha biyu da rabi muka hango hayaƙi ta wajen Ƙofar Nassarawa. Muka ce bola ake ƙonawa. Kafin azahar hayaƙin ya zama biyar, ɗaya a daidai unguwarmu. Sai ƙarar bindiga, ɗai-ɗai, kamar ana buga ƙyaure.

Muka bar komai muka gangaro. Sauran biyun suka yi Kabuga, ni da Habibu muka yi gida.

Duk zaurukan da muka wuce a rufe suke. Ba mu tuna da kayan jikinmu ba. A garinmu muke, a lungunan da muka yi wayo, amma ba wanda zai kalle mu ya ce 'yan birni ne.

Uku saura muka ci karo da gungun masu tarzoma a kwanar Mandawari, da gorori da adduna. Ba fuskar da na sani.

"Ga baƙi nan! Ku tare su!"

Akwai hula a aljihuna, wadda nake salla da ita. Guda ɗaya ce. Na zaro ta na sa a kaina. Ban yi shawara da kowa ba, hannuna ne ya yi. Wani ya dube ni ya ture ni gefe.

"Kai wuce!"

Na wuce. Na ji Habibu yana faɗin sunan mahaifinsa da na unguwarsu, sau biyu. Ihu ya danne muryar. Ban waiwaya ba. Na tsallaka kwata, na faɗa wani zaure da ake kan rufewa, wani dattijo ya ja ni ciki. Ban ji tsoro ba, ban ji komai ba. Ƙishirwa kawai nake ji.

Ranar Alhamis muka samo Habibu a ɗakin ajiye gawa, muka kai shi bayan la'asar. Shekararsa ashirin da shida. Da na shiga yi wa Hajiya, mahaifiyarsa, gaisuwa, ba ta tambaye ni yadda aka yi ba.

"Sabi'u, kuna tare har ƙarshe ko?"

Na ce mata e.