Malam Idi Mai Waya da Gilashin Motar Alhaji Shu'aibu

Ina cikin buɗe rumfata da safiyar Talata, ban ma fito da keken ɗinki ba, sai wayar ƙanen maƙwabcina ta shigo. Ya ce, "Yaya Sani, Malam ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan wata kujerar mota da nake cikin yi wa sabuwar riga, na dubi rumfar da ke jikin tawa. Kwaɗon yana nan yadda ya rufe shi ranar da ya ce mini kansa na sara, zai je gida ya ɗan kwanta. Daga wannan kwanciya Malam Idi Mai Waya bai sake dawowa gareji ba.

Mun daɗe muna maƙwabtaka a garejin da ke bayan tashar Utako, shi yana gyaran wayar mota, ni ina ɗinkin kujeru da rufi. Shi Bazazzagi, ni Bakano, saboda haka ba mu taɓa rasa abin tsokana ba. Nakan ce masa duk Abuja ba wanda ya kai shi nawa, sai mota ta gaji da jira ta warke da kanta kafin ya taɓa ta. Shi kuma ya ce Bakano ko gaisuwa yake yi, idonsa na kan kasuwa. Gaskiya yana da nawa, kuma nawar tasa ta sha ba ni haushi. Idan aka kawo masa mota ba ya fara buɗe ta, sai ya tsaya tambayar mai ita: wa ke tuƙawa, wa ke zama a gaba, ina ake zuwa da ita. Idan na yi ƙorafi sai ya ce, "Sani, mota ba ta da larura, mai ita ne ke da larura."

Kullum da yamma sai ya duƙa ya tsince guntayen waya da ya yanke, ya zuba a gwangwani. Na ɗauka tsafta ce kawai, sai daga baya na ji yana gaya wa wani direban tasi cewa shanun Fulani na bi ta bayan gareji, kuma saniya ba ta bambance waya da ciyawa.

Aikin da na fi tunawa da shi ya zo mana ne a daminar bara. Wata baiwar Allah mai suna Hajiya Bilkisu ta shigo da wata tsohuwar mota mai ƙofa biyu, irin wadda ake naɗe rufinta na tamfol a mayar baya. Motar mahaifinta ce, Alhaji Shu'aibu, tsohon ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Wuse, kuma ya riƙe ta tun yana saurayi. Ta ce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa masa dama, yanzu ita ke tuƙa shi, shi yana zaune a gefe. Gilashin motar da hannu ake murɗa shi, mariƙin kuwa yana daidai hannun da ya mutu. So take a sa masa na lantarki.

Malam Idi ya fara tambayoyin nasa. A nan ne ta gaya mana abin da ya kawo ta. Mahaifinta mutum ne da bai yarda a gaisa da kowa ta bayan gilashi ba, yana ganin wulaƙanci ne. Duk Juma'a, daga gida zuwa masallaci, sai ya sauke gilashi ga mai gadi, ga mai shayi, ga masu wankin takalmi, ya miƙa hannu, ya kira kowa da sunansa. Bayan ciwon, sau ɗaya suka fita. Wani dattijo ya matso zai gaishe shi, Alhaji ya yi ta kokawa da mariƙin ya kasa, sai da ta miƙo ta kan ƙirjinsa ta murɗa masa a gaban jama'a. Tun daga ranar ya ƙi fita, har Juma'ar ya daina zuwa. Naɗe rufin ma bai yarda ba, ya ce ba za a yi yawo da shi a buɗe ana kallo ba. Ta ce, "Malam, Baba yana ƙarewa a ɗaki ina kallo."

Ni a ganina abin mai sauƙi ne. Na ce a cire mariƙin, in toshe ramin da fata, a sa maɓalli a tsakanin kujeru inda hannun hagu mai lafiya zai kai. Malam Idi ya ce sai ya ga Alhaji tukuna. Ya rufe rumfa ya bi ta Wuse, ya bar ni ina ta mita. Da ya dawo ya ce hannun bai mutu duka ba, ba ya iya damƙa amma yana iya turawa kaɗan. Ya ce, "Hannun da aka daina ba shi aiki shi ke ƙarasa mutuwa. Kuma dama ake gaisawa da ita, ba hagu ba."

Abin da ya yi shi ne ya bar tsohon mariƙin a wurinsa, ya ɓoye maɓallin a bayansa cikin ƙofa. A tura mariƙin ƙasa kaɗan, gilashi ya sauka. A ɗaga shi, ya hau. Faɗa da baki ba wuya, amma aikin ya ci mu. Ƙofar siririya ce, sai da ya zagaye kasuwar kayan mota ta Apo kafin ya samo ƙaramin injin da zai shiga. Gilashin irin wannan mota ba shi da firam a sama, kuma idan ya fashe ba inda za a samo wani, don haka ya rage wa injin gudu har sai da ya riƙa tafiya a hankali kamar mutum ke murɗawa. Ya naɗe wayoyin da kyau saboda ruwan da ke tsiyaya ta rufin. Ni na cire fatar ƙofar na mayar har na rasa lissafi, duk lokacin da na ce ya isa sai ya gwada da bayan yatsunsa biyu ya ce da sauran tauri.

Juma'ar da ta biyo bayan gama aikin, da aka sakko daga masallaci, sai ga motar ta shigo gareji, rufi a rufe ana yayyafi. Ta tsaya a gaban rumfarsa, gilashin gefe ya sauka sannu a hankali, hannun Alhaji na dama ya fito. Malam Idi ya goge nasa a jikin riga ya kama shi da hannu biyu. Ni da nake yawan magana, ranar na koma rumfata na yi kamar ina neman almakashi.

Shi ya sa ban yi mamaki ba da na hango motar tana lallaɓowa cikin lungun gidan marigayin a Gwagwa, muna zaune a kan tabarmi ana karɓar gaisuwa. Alhaji Shu'aibu ba ya iya saukowa sai an ɗauke shi, don haka Hajiya Bilkisu ta matso da ita dab da mu. Ƙanen Malam ya tashi ya nufi ƙofar zai buɗe, ta yi masa alama ya dakata. Muka ga gilashin yana sauka a hankali, da irin nawar mai aikin. Alhaji ya miƙo damarsa, ya riƙe hannun ƙanen, ya ce da harshensa mai nauyi, "Da hannun nan na zo muku gaisuwa. Yayanka ne ya dawo mini da shi." A nan kukan da na riƙe tun ranar Talata ya ƙwace mini, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Na yi rashin maƙwabci kuma abokin faɗa, kuma har yau idan na ga guntun waya a ƙasa sai in duƙa in ɗauka. Ya Allah, ga bawanka Idrisu ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa can ta fi masa nan. Yadda ya sauƙaƙa wa wani bawanka gaisuwa, ka sa mala'ikun rahama su tare shi da sallama. Ka ba matarsa da 'ya'yansa da 'yan'uwansa haƙurin wannan rashi, ka zama gatansu a bayansa. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.