Sunan Kakana a Ƙasan Shafi

Ina aji biyar a sakandare malamin tarihi ya ba mu aiki: kowa ya rubuto wani abu da ya faru a Wudil kafin a haife shi. Ya ce duk maganar da ba a faɗi inda aka samo ta ba, gulma ce. In daga littafi ne, a rubuta marubucin da shekara da shafi. In daga bakin mutum ne, a sa sunansa da shekarunsa da unguwarsu da ranar da aka yi hirar.

Ni ban nemi littafi ba. Kakana na wajen uwa ya yi sana'ar fito da ƙuruciyarsa, yana ƙetarar da mutanen ƙauye kogi ranar kasuwa. Na same shi a zaure bayan la'asar. Ya ba ni labarin wani jirgi da ya kife da damina, da mata masu tallan nono a ciki. Kowa ya san labarin, ana cewa iska ce ta taso.

"Babu wata iska," in ji shi. "Ina jirgin da ke bayansu. Mai jirgin ne ya loda buhuna har ruwa ya kusa baki. An ce ya rage, ya ƙi." Sannan ya ce, "Ki rubuta, amma kada ki sa sunana. Da 'ya'yansa muke sahu ɗaya a masallaci."

Sai na rubuta cewa wani dattijo ne ya shaida mini. Malam ya ja layi da jan biro a wurin. Na bi shi ofis.

"Malam, ya ce kada a faɗi sunansa."

"To yaya zan san ba ke kika ƙirƙira ba? Ki kawo suna, ko ki cire wannan ɓangaren."

Wannan ɓangaren shi ne abin da na fi alfahari da shi. Na rubuta sunan Kaka a ƙasan shafi, da shekarunsa da unguwarmu. Na fi kowa maki, Malam ya sa na karanta a gaban aji har da abin da ke ƙasan shafin. Jikar mai jirgin tana benci na biyu a bayana, kuma na san da ita a wurin.

Washegari babban ɗan mai jirgin, shi ma da furfurarsa, ya yi sallama a zaurenmu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Alhaji, me mahaifinmu ya yi maka da ka bi shi har kabari?" Kaka bai musa ba, bai kuma ce an yi masa ƙarya ba.

Daga nan in ya zauna a dakalin bakin masallaci, sai mutane su riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya. Ya koma wani masallaci a Sabon Gari, da gwiwarsa mai ciwo. Da ƙafar ta gaza sai ya riƙa sallah a zaure.

Bai taɓa yi mini faɗa ba. Sau ɗaya ya tambaye ni makin da aka ba ni, na faɗa masa, ya ce madalla.

Sai a jami'a wata malama ta koya mana cewa ana iya rubuta an sakaya sunan mai ba da labari bisa buƙatarsa, a nuna wa mai duba aikin shi kaɗai. Lokacin Kaka ya shekara biyu da rasuwa. Da ya rasu, kwana uku aka yi ana zaman makoki, ba wanda ya shigo gaisuwa daga gidan mai jirgin. Mahaifiyata tana duban ƙofa duk sanda aka yi sallama, ni kuma ina raba ruwa, ban iya haɗa ido da ita ba.