Ranar da Baba Alidu Randa Ya Faɗi da Gangan

Duk wanda ya tashi a unguwar Maamobi ya san Baba Alidu kafinta, amma kaɗan ne suka san dalilin da ya sa ake ce masa Randa. Matasa na zaton saboda tumbinsa ne. To, tumbin ma yana ciki, sai dai sunan ya girmi iyayensu.

A Sabon Zongo aka haife shi. Ubansa Badagombe ne mai sayar da goro, uwarsa Bazabarma mai koko da ƙosai. Yana da shekara goma sha uku aka kai shi Adabraka koyon aikin katako, kuma a bayan shagon maigidansa akwai wani gidan silima mai rufin kwano, wanda ke nuna fim da tsakar rana ranakun Asabar da Lahadi. A layin shiga gidan nan ya haɗu da Musah, ɗan koyon ɗinki, siriri kamar ka hure shi ya faɗi.

Fina-finan da suka fi cika gidan na wasu Turawa biyu ne masu barkwanci, ɗaya ƙato ɗaya siriri, hoto baƙi da fari. Ba wanda ya wahalar da harshensa da sunayensu na gaskiya. 'Yan Zongo suka raɗa musu Randa da Tsinke. Kullum sai a ba su ɗan aikin da bai taka kara ya karya ba, a ce su kai ƙofa gidan wani ko su shafe bango da fenti, kafin a ankara sun hargitsa unguwa gaba ɗaya. Ƙaton ne ke ganin shi ne mai wayo, shi ne kuma ke ƙarewa cikin taɓo.

Jama'a na dariya suna watsewa, amma Alidu da Musah karatu suke zuwa ɗauka. Fim guda sai su kalle shi sau goma. Musah ne ya fara lura cewa siririn ba ya faɗuwa sai ya saci kallon inda zai sauka. Alidu kuma ya gano cewa ƙaton yana tare ƙasa da kafaɗa, yana buga tafin hannu don a ji ƙara, kansa kuwa ba ya taɓa ƙasa. Suka tara garin katako a bayan shago, suna ta faɗuwa a kai har shekara biyu kafin su yarda ido ya gan su. Bayan nan ba bikin aure ko na suna da zai amsa sunansa daga Nima har Tudu in ba a kira Randa da Tsinken Zongo, wato Alidu da Musah, ba. Har Kumasi an taɓa kai su bikin Salla. Shekara ashirin da 'yan kai suna wannan wasa, ba su taɓa kwaikwayon gurgu ko makaho ko mai in'ina ba. Kansu kaɗai suke ba mutane su yi wa dariya.

Daga baya gidan silimar ya zama ɗakin ajiyar taya, gemu ya yi fari, kowa ya riƙe sana'arsa. Sun yi aure, sun zauna layi ɗaya a Maamobi, kullum bayan la'asar suna kan benci guda a ƙofar shagon Alidu.

Shekara uku da suka wuce Musah ya kamu da ciwon rawar jiki. Hannun da ke zura zare a allura ba tare da an duba ba ya koma ba ya iya riƙe kofin shayi. Ya bar ɗinki, amma bai bar zuwa masallaci da ƙafarsa ba, ko da tafiyar minti biyar za ta ci masa rabin awa.

Wata Litinin da hantsi, Alidu na goge ƙafar gado, sai ga Hafiza, babbar 'yar Musah, wadda ke sayar da atamfa a kasuwar Nima. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta miƙa masa waya.

"Baba Alidu, duba abin da aka yi wa abokinka."

Ya share hannu a riga, ya karɓa. Abin da ya fara gani tsohon fim ɗin nan ne, siririn Bature na tsallaka rami, hularsa ta faɗi. Sai hoton ya juya ya zama mai launi: ga Musah a kan katakon da aka gitta a kwatar bakin masallaci, ranar Juma'ar da aka yi ruwa, ranar da Alidu ya tafi kai kujeru Adabraka. Hular Musah ta zame. Ya sunkuya da hannu mai rawa, ya kai mata cafka sau ɗaya, sau biyu, a na uku ƙafarsa ta goce ya rufta cikin kwata. An maimaita faɗuwar sau uku, an sa mata fito da ƙarar gwangwani da dariyar inji. A ƙasa an rubuta: "Tsinke ya dawo."

Alidu ya san Musah ya faɗi ranar, shi ne ma ya shafa masa man zafi a gwiwa. Abin da bai sani ba shi ne akwai wanda ya tsaya da waya a hannu. Ya sake kallo. A bidiyon ana ganin hannun Musah na lalubar bakin kwata, ana ganin wata mai tallan lemu ta ajiye farantinta ta rugo. Mai ɗaukar hoton kuwa ko gezau, hoton bai girgiza ba ko kaɗan.

"Wa ya yi wannan?"

"Saddique, mai gyaran waya a bakin titin Nima. Tun jiya kowa ke tura wa kowa. A kasuwa ma wata ta nuna mini tana dariya, ba ta san ubana ba ne."

"Ɗan Zalia?"

"Shi."

"Musah ne ya ɗinka rigar da aka sa wa yaron nan ranar sunansa," in ji Alidu. Ya ajiye takardar goge katako, ya ɗauki hularsa, ko shagon bai rufe ba.

Bai hau mota ba. Da ƙafa ya ratsa lunguna yana huci, masu gaishe shi suna ta "Baba Randa, lafiya?" bai amsa wa kowa ba. Ba wai dariyar ce ta ƙona masa rai ba. Shi da ya yi rabin rayuwarsa yana neman a yi masa dariya. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne an ɗauki fim ɗin da suka koyi sana'a a cikinsa, an manna shi a jikin ciwon abokinsa, aka ce abu ɗaya ne.

Ya tarar da Saddique a cikin kes ɗinsa, ɗan ƙaramin shagon da yake gyaran waya, mutum ɗan shekara talatin da wani abu, da mata da 'ya'ya biyu, abokansa uku na zaune a benci.

"A'a, Baba Randa! Sannu da zuwa. Ka ga bidiyon? Wallahi kun yi suna, har daga Jamus ana kira na."

"Kai ɗan Zalia, da Musah ya faɗi, ina hannunka yake?"

Saddique ya yi dariyar yaƙe. "Haba Baba, mutane na wajen ai. An ɗaga shi nan da nan."

"Na ce ina naka hannun yake?"

"Baba, wasa ne fa. Ba abin da kuke yi ke nan da can ba? Faɗuwa, mutane na dariya. Ni ma girmama ku na yi, yaran yanzu ba su san ku ba."

Ɗaya daga cikin na kan benci ya ce, "Gaskiya ne, Baba, kar ka ɗau zafi."

Alidu ya dubi Saddique, ya dubi masu benci, ya ga babu wanda ya san bambancin da yake nufi, kuma ko ya kwana yana bayani ba za su sani ba. Sai ya juya kamar zai tafi. Ya saci kallon ƙasa, ya ga fili tsakanin kes da teburin mai wake da shinkafa. Ya taka sau biyu, ƙafar dama ta harɗe ta hagu, hannuwa suka kaɗa a iska, wannan ƙaton jiki ya tafi gaba ɗaya, tim! Hula ta yi gefe. Ya kwanta shiru, ido a rufe.

Mai wake da shinkafa ta ƙwalla salati. Masu benci suka watse, ɗaya ma ya tsallaka titi bai waiwayo ba. Saddique ya fito daga kes a guje, wayar wani da yake gyarawa ta suɓuce ta fashe a ƙasa, ya durƙusa yana jijjiga shi.

"Baba! Baba! Innalillahi, ku kawo ruwa! Wallahi ban taɓa shi ba, kun gani ban taɓa shi ba!"

Alidu ya bari sai da mutane suka taru sosai, har wata motar haya, trotro, ta tsaya fasinjoji na leƙe. Sannan ya buɗe ido ɗaya, ya miƙa hannu ya ɗauki hularsa, ya kaɗe ta, ya tashi zaune.

"Me ya hana ka ɗauka?" ya ce. "Ga waya cike da kes. Wannan ce faɗuwar da ake ɗauka. Ni na zaɓi wurin, ni na zaɓi lokacin, shekara biyu na yi ina koyon ta. Mutanen da ka yanko daga fim ɗin nan ma haka suke yi, sai sun shirya suke faɗuwa, su tashi su tafi gida lafiya. Musah bai shirya ba. Masallaci za shi. Mutumin da ya girmi uwarka yana cikin kwata yana neman abin kamawa, kai kana tsaye kana gyara hoto!"

Wasu suka fara dariya, mai wake da shinkafa ta daka musu tsawa. Ta juya kan Saddique da Hausa da Twi, ta wanke shi tas, har da tone-tonen da ba su shafi bidiyo ba. Saddique ya ciro wayarsa, ya goge bidiyon a gaban kowa, ya ce zai je ya ba Baba Musah haƙuri.

Alidu ya ƙi yarda a ɗaga shi. Ya miƙe da kansa, ya tafi a miƙe har ya sha kwana. A nan ne ya dafa bango, don kafaɗar ɗan shekara saba'in da bakwai ba ta saurayi ba ce, kuma simintin Nima ba garin katako ba ne. Sati biyu bai iya ɗaga zarto ba.

Da la'asar ya je gidan Musah, don tun ranar Lahadi bai fito benci ba. Ya same shi zaune a tabarma a tsakar gida. Hafiza ta riga ta ba shi labarin komai.

"An ce ka yi faɗuwar harɗe-ƙafa a bakin titi," in ji Musah, muryarsa na rawa.

"Na yi."

"Kanka ya taɓa ƙasa?"

"Bai taɓa ba."

Musah ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon hannunsa da ke karkarwa a kan cinya. "Na ga nawa, Randa. Jikokina sun nuna mini. Da gwiwa na sauka, kamar wanda bai taɓa koyo ba." Ya so ya yi dariya, sai ga hawaye. Alidu ya kau da kai yana kallon igiyar shanya, haƙoransa a cije.

Saddique ya zo bayan kwana biyu tare da uwarsa, ya durƙusa, Musah ya ce ya yafe. Sai da aka yi wata guda kafin Musah ya yarda ya sake fita masallaci, shi ma don Alidu ya cire tsohon katakon kwatar ne ya kafa sabo mai faɗi da abin dafawa, yana kuma zuwa ya raka Musah kowace salla ta rana.

Bidiyon kuwa gogewar Saddique ba ta kashe shi ba, ya riga ya shiga wayoyin da ba wanda ya san adadinsu. Bayan wata huɗu, Alidu na cikin trotro za shi sayen ƙusa, sai ya ji wannan fiton da ƙarar gwangwanin a kusa da kunnensa. Wani mutum ne mai kwat da jakar ofis, ba ma ɗan Zongo ba, yana kallo yana ƙyaƙyatawa. Ya ga tsoho na leƙe, sai ya karkato masa wayar don shi ma ya more.

Alidu ya ce masa da Twi, "Ɗan'uwana ne. Ba shi da lafiya."

Mutumin ya ce, "O, yi haƙuri, Baba," ya kife wayar a cinya. Ba a yi nisa ba Alidu ya ga kafaɗunsa na motsi, yana danne sauran dariyar.

Ya buga jikin mota da tafin hannu ya ce a tsaya. Kwandasta ya ce ai ba a iso ba tukuna. Ya ce ya sani. Ya sauka a tsakiyar rana, ya ƙarasa sauran tafiyar da ƙafa, yana faɗa shi kaɗai, masu wucewa na ba shi hanya.